Daga Majigi Zuwa Gidan Kallo

Kallon fim a ƙasar Hausa a fili ya faro, ba tikiti, ba kujera. Wani jami'in lafiya Bature, William Sellers, shi ya fara yawo da na'urar nuna hoto a Najeriya wajen ƙarshen shekarun 1920 don wayar da kai kan annoba, kuma a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya wa ƙasashen da take mulka finafinai, ta ɗora shi a kai. Wannan ne asalin majigi. Mota ce ke zuwa garuruwan hakimai, irin su Dutsin-Ma da Kurfi, a yi shela tun da rana, bayan isha'i a kafa farin allo a ƙofar fada. Yara su baje a ƙasa daga gaba, manya a baya, mata can gefe. Mai bayani yana riƙe da lasifika, yana fassarawa yana ƙara gishiri. Dattawa da dama ba don sha'awa suke zuwa ba, kiran hakimi ne ba a ƙi. Duk da haka Baban Larai, fim ɗin da aka yi kan noman zamani, ya daɗe a bakin mutanen karkara.

Silima ta kuɗi kuwa sana'ar 'yan kasuwa ce, akasarinsu Kwarori. A 1937 aka buɗe Rex a Kano, wajen ganuwa, kuma tun daga nan mutanen birni suka ɗauki silima wurin 'yan iska. Malamai sun ƙi ta saboda hoto da cuɗanyar maza da mata, macen da aka gani a ciki kuwa ta zubar da mutuncinta. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu. Da yawa sun ce fushin Allah ne. Shi ya sa da aka buɗe Palace a Jakara a 1952, cikin birni sosai, sai da samari suka yi ta jifa.

Finafinan Indiya ne suka karya wannan ƙyama a zukatan matasa. Sun fara shigowa a shekarun 1950, kuma Mother India na 1957 an shafe shekaru ana maimaita shi, jama'a ba su gaji ba. Yawancin gidajen ba su da rufi, sai dare ya yi ake haskawa. Ɗan kallo ba zama yake ya yi shiru ba. Yana bin waƙa da baki ko da bai san ma'anarta ba, yana fito idan jarumi ya bayyana, yana yi masa ihu ya waiwaya, bos na bayansa. Wanda ya ga fim sau da yawa yakan riga ɗan wasa faɗin maganarsa. Har laƙabi aka raɗa wa jaruman: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Abin ya bi mutane har gida. Samari suka riƙa kai wa tela ɗinkin wando mai faɗin ƙafa, suna tara suma irin ta Amitabh Bachchan, masu bandiri kuma suka ɗora yabon Annabi a kan karin waƙoƙin Indiya.

A Nijar ma an ga irin haka da finafinan kaboyi. A 1966 Moustapha Alassane ya yi fim kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. A Landan sai a 2007 aka kafa Secret Cinema, inda mutum ke biyan kuɗi ya sa tufafin 'yan wasa ya shiga cikin labarin. Matasan Kano da Yamai sun yi nasu tun da daɗewa, ba tare da wani kamfani ya tsara musu ba, kuma nasu ya fi tasiri, domin da kayan suke fita kasuwa washegari.

Bidiyo ne ya kashe kasuwar silima. Daga Turmin Danya na 1990 fim ɗin Hausa ya shiga ɗaka, matan aure da aka hana zuwa silima suka zama manyan 'yan kallo. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin Kano ta rufe gidajen silima na wani lokaci, sannan ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Taron dai bai watse ba, wuri ya sauya. A garuruwa kamar Makera gidan kallo rumfar kwano ce da bencina da janareto, da allo a bakin ƙofa an rubuta abin da za a nuna da alli. Ƙwallon Turai ce ta fi cika shi, sai Indiya-Hausa irin fassarar Algaita, inda mai fassarar ke yin aikin mai bayanin majigi. Har yanzu akwai mai bin abokai don kada a bar shi shi kaɗai a majalisa, kuma har yanzu akwai iyayen da ba sa barin 'ya'yansu su leƙa.