Cibiya

cibiya (suna, mace; jam'i: cibiyoyi)

1. Ɗan ramin da ke tsakiyar cikin mutum, wurin da ungozoma ta yanke igiyar mahaifa. Idan ta kumbura ta turo waje, sai a ce cibi. "Nan aka binne cibiyata" na nufin nan aka haife ni.

2. Wurin da harkoki suke taruwa, daga nan kuma suke bazuwa. Ana yi wa Sakkwato laƙabi da Cibiyar Daular Usmaniyya, birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Basakkwace kuwa "cibiyad daula" zai ce.

3. Ma'aikatar bincike, kamar Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A lura: ba a cewa cibiyar dare ko cibiyar gida, tsakar dare da tsakar gida ake cewa.