Yadda saiwar tsiro ke ci gaba da girma a lokacin fari

Idan ruwa ya yi ƙaranci a ƙasa, ganye da kara ne ke fara daina girma, amma saiwa takan ci gaba da nutsawa neman danshi. Binciken da masani Robert Sharp da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 1988 a kan masara ya nuna cewa bakin saiwa, wanda tsawonsa bai wuce 'yan milimitoci ba, yana ci gaba da miƙewa ko da ƙasa ta bushe ƙwarai.

Abubuwa uku ne ke taimaka masa. Na farko, ƙwayoyin halittar da ke wurin suna tara sukari da wasu sinadarai da ke janyo ruwa su riƙe shi. Na biyu, bangon ƙwayoyin yakan yi laushi, ta yadda ɗan ruwan da ya rage zai iya miƙar da su. Na uku, tsiron yana ƙara samar da sinadarin ABA, wanda ke rufe ƙananan ƙofofin ganye don rage asarar ruwa, yana kuma kare girman saiwa. Ita kanta saiwar takan sirance, ta yi tsimin abinci domin ta ƙara nisa.

Wannan baiwa tana da iyaka. Ƙasa mai tauri tana tare saiwa tun kafin ta kai ga laima, shi ya sa sassauta ƙasa da zuba taki ke taimaka wa shuka ta jure yankewar ruwa a farkon damina.