Tsohon Zance A Sabuwar Riga

Jama'ar unguwa, da yawanmu mun sha kallon finafinan soyayya masu ban dariya, irin waɗanda ake nuna Turawan da, da keken doki da dogayen huluna. To, da dama daga cikinsu tsofaffin littattafai ne aka ɗinka wa sabuwar riga.

Uwar tafiyar wata Baturiyar Ingila ce, Jane Austen, wadda aka haifa a 1775, ta rasu a 1817 ba ta taɓa aure ba. Littafinta Pride and Prejudice ya fito a 1813, ko sunanta babu a bango. Mu 'yan kasuwa abin da zai fi ba mu takaici shi ne, fam 110 kacal ta sayar da haƙƙin littafin. Yau ga shi masu fim suna ta cin kasuwarsa.

A 1995 BBC ta mai da littafin wasa mai kashi 6. A shekarar ne kuma aka yi fim ɗin Sense and Sensibility, wanda Emma Thompson ta ci kyautar Oscar da rubuta shi. Littafin Emma ma an yi fim ɗinsa a 1996, aka sake a 2020. A 2004 kuwa sai Gurinder Chadha ta ɗauke labarin ta kai garin Amritsar na Indiya, da suna Bride and Prejudice, Aishwarya Rai ta fito, aka haɗa da rawa da waƙa yadda muka saba gani. Wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce, don Abubakar Imam ma haka ya yi wa labaran Larabawa da na Turawa a Magana Jari Ce.

Amma fa in mun gama dariya, mu duba abin da ke ƙasa. Malam Bennet 'ya'ya mata 5 gare shi, babu namiji. Bisa ƙa'idar da ke kan gidansa, ranar da ya mutu wani ɗan'uwansa ne zai gaje gida da gona, su kuwa sai dai su tattara komatsansu. Shi ya sa uwarsu take rawar jiki tana nema musu miji mai kuɗi. Ba kwaɗayi kaɗai ba ne, har da tsoron talauci. Matar aure a Ingila ba ta samu cikakken ikon dukiyarta ba sai da dokar 1882.

Mu kuwa tun a Islamiyya aka karantar da mu cewa 'ya'ya mata biyu ko fiye, in babu namiji, kashi biyu cikin uku na gado nasu ne. Tambayar ita ce, nan zaman baƙunta da muke yi, in ɗayanmu ya rasu ya bar shago da gidan haya, ana ba su kuwa? Ko sai baffanni su zo daga gida su kwashe?

Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Allah ya sa mu dace, amin.