Magina da Adon Cikin Ɗaki a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya shiga tsohon soron sarki a Kano, ko Zariya, ko Damagaram, abin da yakan fara yi shi ne ɗaga kai sama. Can zai ga bakuna sun taso daga bango, sun tanƙwaro, sun haɗu a tsakiya, an bi jikinsu da zane, an shafe da farar ƙasa da shuni. Baƙo yakan riƙe baki ya ce, "Ashe wannan da ƙasa aka yi shi?" Lalle da ƙasa aka yi, da itacen giginya, da hannun mutanen da suka yi shekara da shekaru suna koyo. Ƙawata cikin ɗaki tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Tana da shugabanninta, da hanyar koyonta, da kalmominta, waɗanda in mutum bai san su ba, ko aike ba ya iya kaiwa a wurin aiki. Yau samari da 'yan mata da yawa suna neman shiga wannan sana'a ta hanyar makaranta, saboda haka ya kamata a san inda ta fito.

Kayan Aiki da Sunayensu

Maginin dā da tubali yake ta da bango, watau curin ƙasa mai gindi da tsini wanda aka shanya a rana ya bushe. In bango ya kai, sai rufi, nan ne kuwa azara take shigowa. Azara tsagin giginya ce. Magina sun zaɓe ta domin tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Amma tana da iyaka: in faɗin wuri ya wuce kamar ƙafa shida, ba ta iya ɗaukar nauyin rufin ƙasa, sai ta lanƙwashe. To, yaya za a rufe babban zaure inda mutum hamsin za su zauna?

Dabarar da magina suka yi ita ce baka. Sukan kafa azara cikin bango, su ɗora wata bisanta ta ɗan zarce ta, su ɗaure da igiya, su lulluɓe da ƙasa, haka haka har ta wannan gefe ta sadu da ta wancan gefe. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, shi ne ake kira ɗaurin guga. Tudun da ake gani a bisa irin wannan rufi daga waje shi ne tulluwa. Sau da yawa akan liƙa tasa ko kwano mai ƙyalli daidai inda bakunan suka haɗu. Watau abin da ya ɗauke nauyin rufi shi ne kuma ya zama babban adon ɗakin.

Bayan rufi sai yaɓe. Akan jiƙa kwasfar ɗorawa a sami makuba, a gama da ƙasa, ta sa bango ya yi duhu-duhu ya jure ruwa. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na marina, da gashin jima na majema, da dafara. Tun ƙasa tana ɗanya mai zane yake aikinsa da hannu, yana tayar da wani wuri yana zurfafa wani, har siffa ta fito. Mafi shahara cikin siffofin nan shi ne dagi. Akan kuma zana takobi, da allo, da gicciye iri iri. A jikin bango akan bar alkuki don ajiye fitila, da 'yar taga can sama don iska, a yi dakali na zama, wani ɗakin har da gadon ƙasa.

Hannun Mata

In magini ya sauka, aiki ya koma hannun mata. Su suke yin daɓe. Sukan taru da madaɓai, a zuba tsakuwa, a yayyafa makuba, su yi ta bugu suna waƙa har ƙasan ɗaki ya yi santsi. Su ne kuma masu jere. Kafin a kai amarya, 'yan'uwanta mata sukan je su shirya mata ɗaki: ƙoren jere a bisa juna, manya a ƙasa ƙanana a sama, da faya-fayai masu launi a jikin bango, da ragaya a rataye, da adudu na tufafi, da tabarma a shimfiɗe, da asabari a bakin ƙofa. Masu hali sukan ƙara da tasoshin tagulla na Bida.

Jere ba ado kaɗai ba ne. Dukiyar mace ce, wadda uwa takan soma tarawa tun 'yarta tana ƙarama, in kuma wata larura ta taso akan ɗauki wani abu a sayar. Matar da ta iya jere sananniya ce a unguwa, akan aika a kira ta, gama ta san abin da zai dace da ɗan'uwansa, da inda idon mai shigowa zai fara sauka.

Yadda Ake Koyo

Gini sana'ar gado ce, ko da yake akan karɓi ɗan wani in ubansa ya kawo shi. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa. Daga nan ya koyi curin tubali, sa'an nan ya koyi cilla wa maigidansa tubali yana bisa bango. Duk wannan lokaci kunnensa yana buɗe. In an ce, "Miƙo azara," ko, "Gyara bakin indararon nan," lalle ya san abin da ake nufi, in ba haka ba ya sha faɗa. Yakan koyi awo da taƙi da kamu da gaba. Sai ya daɗe yana ta da bango kāna a bar shi ya taɓa rufi, ɗaurin baka kuwa shi ne na ƙarshe, domin kuskure a nan yana iya kashe masu gida. Wanda ya ƙware a baka da zane shi ake kira gwani.

A manyan birane akwai Sarkin Magina. Shi yake tara magina in za a yi aikin fada, ko masallaci, ko gyaran ganuwa, shi yake raba aiki, shi kuma yake sulhu in gardama ta tashi tsakanin magini da mai gida. Da rani ake yin gini, da damina kuwa yawancin magina gona suke komawa.

Babban Gwani

A cikin dukan maginan ƙasar Hausa babu wanda sunansa ya kai na Muhammadu Durugu, wanda ake kuma kira Malam Mika'ilu, mai laƙabin Babban Gwani. Shi ya gina Masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Daga waje ginin ba shi da wani yawan ado. Amma a ciki ya tsayar da manya-manyan ginshiƙai, bakuna suka fito daga jikinsu kamar rassan itace, ya bi su da zane mai zurfi, ba tarkace. Ya kuma haɗa masallacin da ɗakin shari'a. Masu ba da labari sun ce daga baya ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini, sarkin kuwa ya sa aka kashe shi don kada ya yi wa wani irinsa. Ko labarin nan gaskiya ne ko ƙari, ya nuna darajar da ake ba gwanin magini a wancan zamani. Har yanzu akwai unguwa a birnin Zariya mai sunan Babban Gwani.

A cikin shekarun 1970 aka yi sabon masallaci na siminti a wurin, aka bar wani sashe na tsohon ginin a cikinsa. An yi sa'a wani Bature masanin gini, mutumin ƙasar Folan, mai suna Dmochowski, ya riga ya auna masallacin ya zana shi a takarda. Da irin wannan awo ne aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Zuwan Siminti da Kwano

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Bayansa siminti da kwanon rufi da katako da fenti suka yi ta shigowa, kuɗin gyaɗa kuma suka ba mutane halin saye. Da fari masu zane sun ci riba. Suka koyi yanka zane a jikin ɗanyen siminti, suka shafa fenti ja da kore da rawaya, har suka riƙa zana keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajen attajirai. A ɗakin mata kuma kwalla da langa da fanteka suka ture ƙwarya, gadon ƙarfe mai rumfa ya ture na kara, daga baya kabad da tangaram da kujerun kushin suka zo.

Amma rufin kwano ba ya bukatar baka. Soron ƙasa kuma kowace shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina, mutane suka gaji da wannan ɗawainiya. A 1967 kamfanin siminti na Sakkwato ya fara aiki, siminti ya ƙara kusa. Sannu a hankali masu neman ɗaurin guga suka ragu, 'ya'yan magina suka koma bulo, tsofaffin gwanaye suka yi ta rasuwa da iliminsu. Ɗakin kwano kuwa da rana zafi, da dare sanyi, abin da soron ƙasa mai kaurin bango bai san shi ba.

Duk da haka sana'ar ba ta mutu ba. A garin Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani manomi magini, Alhaji Falke Barmu, ya fara gina wa garinsu masallacin ƙasa a 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali. Daga baya ya sake rufinsa da bakuna, ya ƙara hasumiyoyi huɗu. A 1986 aka ba wannan masallaci lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine a ƙasashen Musulmi.

Daga Gidan Maigida Zuwa Makaranta

Koyar da sana'a a aji ya soma ne a Kano tun 1909, sa'ad da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, da sashen sana'o'i kamar dukanci da ƙira da aikin kafinta. Gidansa na ƙasa, Gidan Ɗan Hausa, yana nan ana zuwa kallo. A 1955 aka kawo sashen koyon fasalin gini Zariya, wanda ya shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. A Kaduna kuma makarantar fasaha da aka buɗe a 1956 ita ce ta zama babbar kwalejin kimiyya da fasaha ta garin.

Mai neman wannan sana'a a yau yana da sababbin kalmomin da zai koya: silin, da tayil, da filasta, da labule, da wayar lantarki, da taswirar ɗaki. Awo ya koma mita da santimita. Lalle ya iya karatu da lissafi, domin shi zai auna bango ya faɗi galan nawa na fenti za a saya, ya rubuta wa mai gida kuɗin kaya da na aiki tun ba a fara ba, kada a yi rigima daga baya. Ya iya zane a takarda, in da hali har a kwamfuta. Ya ajiye hotunan aikin da ya gama, gama gani ya kori ji. Ya san yaren kafinta da na mai fenti da na mai lantarki, tun da shi zai haɗa su. Wanda bai sami shiga babbar makaranta ba, ƙofar dā tana nan buɗe: ya nemi maigida mai gaskiya ya zauna ƙarƙashinsa, ya yi haƙuri da ƙananan ayyuka yadda yaran magina suka yi. Mata ma suna da babban rabo a ciki, domin jere nasu ne tun asali.

Sai dai ɗalibin da ya san silin bai san baka ba, rabin gadonsa ya riƙe. Gidan Makama na Kano, wanda aka gina tun zamanin Muhammadu Rumfa, sarkin da ya hau a 1463, yanzu gidan tarihi ne, kowa yana iya shiga ya ɗaga kai ya duba. A tsofaffin unguwanni kuma akwai sauran dattawan da suka taɓa ɗaura azara da hannunsu. Ya kamata ɗalibi ya je ya gaishe su, ya ce, "Baba, mene ne sunan wannan, yaya kuma ake yinsa?" ya rubuta abin da suka faɗa tun suna da rai. Hausawa sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.