Daga Hanyar Gwanja Zuwa Gounghin: Yadda Iyayenmu Suka Riƙe Masu Saye

'Yan uwa, a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu na bana, kukan da muka fi ji daga masu ƙaramin jari iri ɗaya ne: kaya na nan jibge a kanti, masu saye sun ja baya, kuɗin mota da na duwan kuma kullum sai hawa suke yi. Wasu matasanmu har sun fara maganar rufe shago. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi yadda iyayenmu suka sayar da hajarsu a ƙasar da ba su san kowa ba, domin dabarunsu ba su tsufa ba.

A ƙarni na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano, Sakkwato da Jega zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, neman goro. Babbar hanya ta bi ta Borgu, Sansanin Mango da Yandi, wani reshe kuma ya ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi. Madugu ne shugaban tafiya, jagaba na gaba, jakuna ɗauke da kanwa, baƙin yadi, rigunan Kano, jar fata da gabu. An yi cinikin bayi ma a wannan hanya, tarihi bai ɓoye ba. Zuwa da dawowa kan ci watanni, wani lokaci har shekara. Inda ayari ya saba yada zango, wasu kan zauna su yi aure, sai zango ya zama unguwa. Haka unguwar Hausawa ta Zangouettin ta samu a tsakiyar Wagadugu.

Ta yaya baƙon da bai ji yaren Mosi ba yake sayar da kayansa? Ta hannun mai gida. Shi ke ba shi masauki da wurin ajiya, ya haɗa shi da dillali, in ciniki ya faɗa a fitar da la'ada. Idan bashi za a bayar, mai gida ke tsayawa lamuni, in mai saye ya gudu shi zai biya. Jarinsa sunansa ne. Ya cuci baƙo sau ɗaya, labari zai riga ayari isa Kano, baɗi kuwa a gidan wani za a sauka. Goron kansa ya koya wa fatake gaskiya, don kaya ne mai lalacewa: sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince mai tsutsa, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Wanda ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙarƙashin mai kyau, ƙwarya ɗaya za a ƙirga asirinsa ya tonu. Ba su kuma raina wasiƙa ba. Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano a 1858, ya yi fatauci da karatu a wannan hanya, har littafi ya rubuta na koyar da tsara wasiƙa.

Sai Salaga ta faɗi. Turawan Ingila sun ci Kumasi da yaƙi a 1874, hanyar goro ta fara karkata, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watse garin. Fatake suka bazu zuwa Karaci, Kintampo, Kumasi da Ankara, kowa ya tafi da amanar da ya tara. Alhasan Ɗantata na Bebeji ya fahimci zamani ya juya: ya riƙa ɗora goronsa a jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma da jirgin ƙasa ya fara aiki zuwa Kano a 1912, ya shiga sayen gyaɗa ta hannun yaransa da ya ba jari suka shiga ƙauyuka. Kaya ya sake, hanya ta sake, amma mutanen da suka yarda da shi su ne dai suka ɗauke shi.

Mu ma mun ga tamu Salagar. A watan Mayun 2003 gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A shekarar ta 2003 aka rushe Zangouettin saboda aikin ZACA, jama'a suka watsu cikin unguwanni. Dattawanmu na nan da ransu, a tambaye su. Wanda masu saye suka sani da rumfarsa kawai, rumfa ta ƙone ciniki ya bi ta. Wanda kuwa ya san gidajen masu sayensa ya ɗaura kaya a bayan babur ya bi su, bai daɗe ba ya miƙe. Haka muka gani da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, da lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da rufe iyakokin Nijar bayan juyin mulkin 2023.

Me ɗan tireda ko mai sayar da atamfa a Gounghin zai ɗauka daga wannan?

Na farko, a buɗe littafin masu saye. A rubuta suna, lambar waya, unguwa, abin da mutum ya saba saye da lokacin da yake saye. In sabon kaya ya iso, su za a fara sanarwa. Da sabon gini gara yaɓe: riƙe tsohon mai saye ya fi araha bisa neman sabo.

Na biyu, WhatsApp ce wasiƙar yau. A sa hoton ainihin kayan da ke hannu, da farashinsa a sefa, kada a ɗauko na intanet. Da yawa cikin masu sayenmu ba sa karatu, saboda haka saƙon murya da yaren Mosi ko Faransanci ya fi rubutu isa. A kuma karɓi kuɗi ta Orange Money da Moov Money, kada rashin canji ya kori mutum.

Na uku, a tsare awo, a dawo da gyara. Ɗan ƙarin da uwa ke zubawa a kan mudu ya fi allon talla jawo mai saye. In kaya na da aibi, a faɗa kafin a biya, a rage kuɗi.

Na huɗu, bashi sai da iyaka, da rubutu, da mai tsayawa. Iyayenmu ba su ba baƙo bashi ba sai da lamunin mai gida.

Na biyar, a san lokaci, a kuma san hanya fiye da ɗaya. Kayan azumi, na layya da na komawa makaranta a Oktoba, a shigo da su kafin kowa ya farga. Wanda ya dogara ga hanyar Kantchari kaɗai ya nemi aboki a hanyar Lome ta Cinkassé, ko ta Gana ta Paga.

Nauyi na ƙarshe a kan ƙungiya yake, domin yau ita ce mai gida. Muna roƙon manyanmu kowa ya ɗauki matashi ko ɗaya, ya gabatar da shi ga masu ba shi kaya, ya tsaya masa har ya kafu. Matasa kuma ku kiyaye sunan wanda ya tsaya muku, don da shi na bayanku za su ci abinci. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya maimaita mana.