Zamanin Roƙon a Buɗe wa 41 Ƙofa

Wani yaro da muka ɗauka aiki bana ya ji ina faɗa a kan jerin bogon, wato adiresoshin intanet da ake toshewa don ba a raba su ga kowa ba, da aka cusa da hannu cikin rauta, sai ya ce, "Baba, ai wannan tsohon yayi ne." Shi da ya taso ya tarar an share hanya!

A 2005, shekarar da AFRINIC, hukumar raba adiresoshin intanet a Afirka, ta samu cikakkiyar amincewa, IANA mai rabon adiresoshi a duniya ta damƙa mata kason 41/8. Kafin nan adireshin aro muke amfani da shi, na kamfanonin da ke sayar mana da layin VSAT daga ƙetare. Da namu ya zo hannu mun yi murna, amma ba ta daɗe ba. Mai kafe zai bugo waya: "Injiniya, Yahoo na buɗewa, amma shafin jami'ar da yaran nan ke neman gurbi ya ƙi." Layinmu lafiya lau. Can wata ƙasa ne wani ya kwafi jerin bogon daga samfurin Rob Thomas na Team Cymru tun 41 ba ta da mai ita, ya liƙa, ya manta. Samfurin kuwa ya yi gargaɗin a riƙa sabuntawa. Wa ya karanta?

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ya koya mini farautar irin waɗannan. Adireshi biyu yake ɗora wa kwamfuta guda, tsoho da sabo. In tsohon ya wuce sabon ya maƙale, sai ya bi traceroute har inda taurari suka fara jeruwa, ya duba whois, ya rubuta sunan mai rautar a wani littafi mai baƙin bango. Daga nan sai wasiƙa cikin ladabi, haɗe da layin rajistar IANA a matsayin shaida. Ba ya yarda a yi zafi. "Ɗana, kai ke da buƙata," yake cewa. Wasu su gyara kafin la'asar har da ban haƙuri. Wasu lambar wayarsu ta mutu tuntuni. Na Amurka sai ka jira har yamma kafin su shigo ofis, wani ma ya ce daga Najeriya ba ya son komai.

Su ma Amurkawan fa sun ɗanɗana da 69/8 a 2002, sun yi ta kururuwa. RIPE NCC, takwarar AFRINIC a Turai, har adiresoshin gwaji ta riƙa sanarwa kafin ta raba sabon kaso.

Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, IANA ta raba /8 biyar na ƙarshe, 102 ta faɗo mana. Daga ranar babu sauran /8 da ke jiran rabo, babu hujjar toshe kowa da sunan bogon. Duk da haka, shekaru bayan nan na ci karo da wani kamfani a Turai yana zubar da 102, kuma wanda ya rubuta jerin ya bar aiki, babu mai ƙarfin halin taɓa shi.