Masu Bin Layi: Daga Rumfar Gyaran Rediyo zuwa Zanen Fanel a Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya koyi zana fanel ɗin lantarki a kwamfuta ya san wannan ciwon kai. Ya jera kayansa, ya ja layukan jan ƙarfe daga wannan ƙafa zuwa waccan, ya sa manhaja ta duba masa aikin, sai ta ce da sauran rina a kaba: akwai ƙafafun da ba a haɗa ba. Wasu siraran zare kamar saƙar gizo-gizo suna nan rataye, kowanne yana nuna wurare biyu da ya kamata wuta ta bi tsakaninsu amma babu hanya. Ana yi wa matsalar kallon sabon abu na 'yan boko. A ganina ta haura shekara hamsin a ƙasar Kano, kuma waɗanda suka fi kowa saninta suna zaune a rumfunan kasuwa irin ta Bici da ta Badume, da mita a gabansu.

Rediyon farko da mutanen Kano suka sani da waya ya zo. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shirye a birni, ana jan waya daga tashar zuwa akwatunan magana a gidajen masu biyan kuɗi da wuraren taruwar jama'a. Akwatin lasifika ce kawai, ba ta kama tashar kowa sai wadda aka turo mata, kuma idan ta yi shiru ma'aikacin hukuma ne ke bin wayar ya nemo inda ta tsinke. Manomin da ke ƙauyukan Bici, can kan hanyar Katsina, ba ya cikin wannan lissafi, don waya ba ta kai gonarsa ba. Abubuwa biyu da aka ƙirƙira a nesa su suka shigo da shi. A wajen 1936 Paul Eisler, ɗan ƙasar Ostiriya da ke zaune a Ingila, ya haɗa rediyo a kan allon da aka shimfiɗa wa layukan jan ƙarfe a madadin tarin wayoyi. A 1947 kuma aka ƙirƙiro taransisto a Amurka. Da suka haɗu sai rediyo ta ƙanƙance, ta koma cin batir, ta yi araha. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, kuɗin gyaɗa yana shiga hannun manoma, rediyo kuwa ta sami wurin zama a wuyan keke da gindin bishiya a gona.

Abin da ya shiga gona dole ya sha wahalar gona. Ƙurar hunturu ta cika shi, zafin bazara ya gasa shi, batir ya kwana ciki ya yi ruwa ya cinye layi, yaro ya yar da shi allon ya tsage tsagar da ido ba ya gani. A nan sana'ar mai gyara ta tsiro. Ya kwance bayan akwatin, ya kife fanel ɗin, ya share shi da tsohon burushin haƙori, sannan ya ɗora bakin mita ɗaya a ƙafar taransisto, ɗayan yana tafiya da shi a kan layin kaɗan-kaɗan. Muddin allura tana motsi hanya lafiya take. Inda ta kwanta, nan cutar take. Sai ya kankare koren fentin da reza har jan ƙarfen ya fito, ya ɗauko ƙarfen like, wanda a inda babu lantarki a garwashi ake gasa shi, ya ɗiga dalma, ko ya ɗora ɗan silin waya ya tsallake wurin. Wannan silin shi suke kira jamfa. Babu takardar zanen kamfanin da ya ƙera rediyon a gabansa. Daga kallon allon yake gano abin da maƙerin Japan ya nufa.

Tsarin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka, aka koma lallaɓa tsoho: rediyo, rakoda, talabijin, bidiyo. Da wayar salula ta iso a 2001, yaran masu gyaran rediyo da dama suka bi ta, kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano suka zama makarantun da matasan ƙauye ke zuwa koyo. Layukan sun sirance sun zama kamar gashi, mita ta koma mai ƙara a madadin allura, amma tambayar ba ta canja ba: daga nan zuwa can, wuta tana wucewa?

Tambayar da manhaja irin KiCad ke yi ke nan. Jean-Pierre Charras ya fito da ita a Faransa a 1992, kuma kyauta ce. Aikinta hawa biyu ne. Da farko a zana taswirar da ke faɗin wace ƙafa ke haɗe da wace. Daga ita manhajar ke fitar da jerin haɗe-haɗe, sannan a koma zanen allon kansa, inda take gwada layukan da aka ja da wancan jeri. Haɗin da ya ɓata yakan ɓuya a wurare sanannu. Wani lokaci layi a taswira ya zo dab da ƙafa bai taɓa ta ba, ido ya ga haɗi, manhaja ba ta gani ba. Wani lokaci an sa wa layi suna a gefe guda, a ɗaya gefen aka kuskure harafi ɗaya, suka zama baƙin juna. Ko an gyara taswira an manta ba a sabunta allon ba. Mafi wahalar ganowa shi ne idan alamar taransisto a taswira ta kira ƙafafunsa da haruffa, gurbinsa a allo kuma ya kira su 1, 2, 3. Sunaye ba su dace ba, sai ƙafafun su zauna babu haɗi. Akwai ma wanda ya fi wannan muni, don manhajar ba ta ko tari a kansa: a zaɓi gurbin da jerin ƙafafunsa ya saɓa wa kayan da za a saya. Tsohon mai gyaran rediyo ya san C945 da BC547 kamarsu ɗaya a ido, amma ƙafar da ke tsakiya a ɗaya tana gefe a ɗayan. Ya biya kuɗin wannan ilimi da kayan da ya ƙona.

Za a ce gyara daban, ƙira daban. Wanda ya iya ɗinke ɓarakar riga ba lallai ya iya yanka ta ba. Akwai gaskiya a ciki. Mai gyara yana da allon da ya taɓa aiki, abin da zai yi shi ne ya mayar da shi yadda yake, shi kuwa mai ƙira daga farar takarda yake farawa, sai da lissafi. Za a ƙara da cewa yawancin masu gyaran waya na yau canjin kaya kawai suke yi. Wannan ma haka ne, amma a kowace kasuwa an san mutum ɗaya ko biyu da ake kai wa fanel ɗin da ya gagari kowa. Raunin sana'ar na gaskiya shi ne ba ta taɓa rubuta abin da ta sani ba. Yaro ya zauna gaban maigida shekaru yana kallo, ilimin ya shiga yatsunsa, maigida ya rasu da nasa. Taswira ita ce rubutun wannan sana'a, kuma koyon karanta ta ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan koyon abin da hannu ya ɗauki shekara goma yana tarawa.

Masu cewa ko an zana babu inda za a buga allon a kusa, su ma ba su yi ƙarya ba. Allo mai hawa biyu zuwa sama galibi sai an aika fayil ɗin Shenzhen ta ƙasar Sin an jira. Sai dai abin da ƙauye ke bukata ba ƙwaƙwalwar wayar salula ba ce. Fitilar caji, na'urar daidaita cajin batir daga farantin sola, abin kashe injin ban-ruwa idan rijiya ta ƙafe, duk allo mai hawa ɗaya ya ishe su, kuma ana iya yin sa a ɗaki: a buga zanen a takarda mai sheƙi, a manna shi kan allon jan ƙarfe da dutsen guga, a tsoma a sinadarin da ke cinye sauran.

Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha tana Bici tun ƙarshen shekarun 1980, tana horar da malaman da za su koyar da lantarki a makarantu. Tsakanin ƙofarta da rumfunan masu gyara tafiyar ɗan acaɓa ce. Ya kamata ta buɗe ajin yamma, ta kira su su koyi zana taswira, ta kuma tura ɗalibanta rumfa su riƙe mita tun tsofaffin suna raye.